Goro a Ƙasar Tasawa: Daga Wagar Madugu Zuwa Faifan Bakin Kwalta

Duk faɗin ƙasar Tasawa da Mayahi babu itacen goro ko ɗaya. Daga Maijirgi, wadda ke bakin kwaltar Damagaram gabas da Tasawa, har zuwa Gulbin Kaba inda goriba ta yi wa Mayahi rumfa, abin da ƙasa ke bayarwa shi ne hatsi da dawa da wake da gyaɗa da riɗi, sai gawo da ke tsaye a gonaki. Ruwan sama a nan da ƙyar yake kaiwa milimita 500 a shekara. Shi kuwa goro ɗan kurmi ne, yana son inuwa da laima da ruwan da ya ninka wannan sau biyu ko uku. Duk da haka ba a ɗaura aure a Maijirgi sai da shi, ba a raɗa suna sai da shi, kuma akwai tsofaffin da za su haƙura da kokon safe amma ba za su haƙura da ɓarin goro ba.

A shekarar 2007 wani kamfani a jihar Dakota ta Kudu, a Amurka, ya fito da abin taunawa mai suna Sumseeds. Ƙwayar furen sanfulawa ce aka gasa aka zuba mata kafeyin, sinadarin nan na gahawa da shayi mai kore barci, har miligiram 140 a leda guda. An yi ta don direbobin manyan motoci da 'yan wasa da masu aikin dare, jaridun can kuma suka yi ta yayata ta a matsayin sabuwar dabara. Ga Bahaushe tsohon labari ne. Abin da za a jefa a aljihu, a tauna a kan hanya, ido ya buɗe ba tare da an hura wuta ko an dafa ruwa ba, ya san shi fiye da shekara 500, kuma nasa da kafeyinsa ya zo duniya.

Busasshen goro yana ɗauke da kafeyin kimanin kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na nauyinsa, ya zarce ƙwayar gahawar arabika. Akwai kuma ɗan tiyoburomin, irin wanda ke cikin cakulan. Idan mutum ya daɗe a farke, wani sinadari mai suna adenosin yana taruwa a ƙwaƙwalwa yana shaida mata an gaji. Kafeyin yana zuwa ya tare wuraren da wannan saƙo ke sauka, sai gajiyar ta ɓuya na 'yan sa'o'i. Ɓuya take yi kawai, domin goro ba abinci ba ne. Ƙwayar sanfulawa ma ta fi shi mai da gina jiki nesa ba kusa ba. Amma da yake taunawa ake yi a hankali, ƙarfinsa a hankali yake shiga jiki, yana danne yunwa da ƙishirwa, kuma bayan ɗacinsa ko ruwan rijiya mai kanwa zaƙi yake yi a baki. Matafiyin Sahel bai buƙaci a yi masa dogon bayani kan amfanin wannan ba.

Tsohon littafin tarihin sarakunan Kano ya ce a zamanin Sarki Dauda, tsakanin 1421 da 1438, Sarkin Nufe ya aika wa Amina ta Zazzau babanni 40 da goro 10,000, kuma a hannunta aka fara ganin goro a ƙasar Hausa. Masana suna jayayya kan zamanin da Amina ta yi, amma lissafin kyautar kaɗai ya nuna matsayin goro a lokacin: tare da bayin fada aka jera shi. Littafin ya ƙara da cewa Abdullahi Burja, wanda ya gaji Dauda, shi ya buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja, a zamanin ɗansa Yakubu kuma fataken Gwanja suka fara zuwa Katsina. Tasawa kuwa yankin Katsina ce tun asali.

Ita kanta Gwanja, a arewacin Gana ta yau, kasuwa ce kawai. Goron a dazuzzukan Asante yake fitowa, can kudu. Bayan da Asantawa ƙarƙashin Opoku Ware suka mamaye Gwanja a tsakiyar ƙarni na 18, sai suka tsare kurminsu: fatake ba sa shiga, a Salaga za su tsaya a kawo musu. Haka Salaga ta zama gari mai unguwannin Hausawa da masallatai da malamai da masu masauki.

Tafiyar ba ta rago ba ce. Ayari yakan tashi da kaka, bayan ruwa ya ɗauke, hanya ta bushe, ciyawa kuma ba ta ƙare ba. Daga Kano ko Katsina a yi yamma ta Zamfara zuwa Jega ko Yawuri, a haye Kwara, a ratsa Bargu ta Nikki da Jugu, a faɗa Sansanin Mango ko Yandi, sannan Salaga. Zuwa da dawowa yakan ci wata shida, wani lokaci shekara cur. Madugu ne uban tafiya, shi ke daidaitawa da sarakunan hanya kan fito da gaisuwa, shi ke yanke hukunci idan rigima ta tashi a zango. Jagaba yana gaba yana duba hanya da wurin sauka, uban dawaki yana tattara kason kowa na kuɗin da za a biya. Mata suna cikin tafiyar, suna dafa abinci suna kuma nasu cinikin. A 1826 Baturen Ingila Hugh Clapperton ya gamu da irin wannan ayari a Kayama ta ƙasar Bargu yana dawowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutanensa sun haura 1,000, dabbobin kaya ma kamar haka.

'Yan fashin Bargu abin tsoro ne, amma babban abin da ke hana bafatake barci cikin wagarsa yake. Goro kaya ne mai rai. Iska ta buge shi ya bushe ya yi tauri, darajarsa ta zube. Ruwa ya yi masa yawa ya ruɓe. Ga kuma sankara, wadda ke cinsa daga ciki, ƙwaya ɗaya mai ita ta isa ta ɓata kaya guda. Saboda haka bayan 'yan kwanaki dole a sauke a zango, a kwance, a baje goron a inuwa, a bi shi ɗaya bayan ɗaya da ido da yatsa. Mai tabo a ware shi a sayar nan take ko a cinye, ganyen fita da aka naɗe goron da shi, in ya bushe, a canza shi, a yayyafa ruwa daidai gwargwado, a sake ɗaurewa, a aza wa jaki. Haka za a yi ta yi har Kano.

Wahalar ta biya. Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a Fabrairun 1851, ya ƙiyasta cewa fiye da kayan jaki 500 na goro ke shigowa birnin duk shekara, kuma kowane kaya, idan ya iso lafiya, ana sayar da shi wajen wuri 200,000. A lissafinsa kuma, wuri 50,000 zuwa 60,000 sun ishi iyali guda su ci su sha su yi sutura shekara ɗaya cikin wadata. Ashe jaki guda na goro ya ɗauki abincin gida na fiye da shekara uku a bayansa. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin yadda ake raba ƙwaya ɗaya gida huɗu a wancan zamani ba, ko yadda talaka kan yi wata bai ga goro ba sai a wurin biki.

Kafin ya isa Kano, Barth ya sauka Tasawa a Janairun wannan shekara, tare da ayarin gishirin Abzinawa da ya gangaro daga arewa. Ita ce babbar alkaryar Hausa ta farko da ya gani, ya ƙiyasta mutanenta wajen 10,000, ya ga marina, ya ga kasuwa har da masu sayar da soyayyiyar fara. A lokacin Tasawa tana bin sarakunan Katsina na Haɓe, waɗanda jihadi ya kora daga birninsu suka kafa Maraɗi, dajin da ke tsakanin Gazawa da Katsina kuma fagen hari ne tsakanin ɓangarorin biyu. Amma yaƙi bai taɓa tsayar da ayari ɗungurungum ba. Abzinawa su sauke gishirin Bilma da dabino, su koma da hatsi da tufafi da goro. Wanda zai ƙetare Sahara zuwa Gat da Murzuk da Tarabulus yawanci busasshe ne, kauɗa, domin ɗanye ba ya jure iskar hamada.

Wannan yanki na arewa ya saka wa fataucin da abubuwa biyu manya. Na farko kanwa. Daga Muniyo da ƙasar Manga, gabas da Damagaram, ake haƙo ta, Asantawa kuma suna matuƙar son ta don haɗa taba da magani, saboda haka tana cikin manyan kayan da ake musayar goro da su, tare da turkuɗi da riguna da jar fata da gabu da dabbobi. Da bayi kuma. Salaga kasuwar mutane ce kamar yadda take kasuwar goro, ko da yake masu ba da tarihin madugai ba su cika son tsayawa a nan ba.

Na biyu su ne fataken kansu. Masanin tarihi Paul Lovejoy, wanda ya zauna da tsofaffin fatake ya rubuta littafi kan wannan sana'a, aka buga shi a Zariya a 1980, ya nuna cewa gidaje uku ne suka riƙe ta a ƙarni na 19: Kambarin Barebari na Gummi, da Agalawa, da Tokarawa. Biyun ƙarshe asalinsu Bugaje ne da suka baro ƙasashen Abzinawa suka gangara ƙauyukan Katsina da Kano, suna noma da damina, suna kora jakuna da rani, har suka zama attajirai. Kasuwa kuwa ta buɗe musu, domin Daular Sakkwato ta hana giya, malamanta da yawa suna ƙyamar taba, sai goro ya zama abin marmarin da babu mai ɗaga wa mai cinsa gira.

Rushewar tsohuwar hanya ta fara ne a 1874, lokacin da sojojin Ingila suka ƙone Kumasi. Salaga ta yi wa Asante tawaye, Asantawa suka karkatar da goronsu zuwa Kintampo, a 1892 kuma yaƙin sarauta ya tarwatsa garin. Hausawansa suka watsu zuwa Yeji da Kete-Karachi da Kumasi da Ankara ta Gana, cikinsu har da shahararren malami Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya rasu a Kete-Karachi a 1934. A daidai wannan zamani Turawa suka gano abin da ke cikin goro. Wani masani a Marsel, Édouard Heckel, ya haɗa biskit mai goro aka gwada shi a kan sojojin Faransa masu doguwar tafiya. A 1886 John Pemberton na Atlanta ya haɗa Coca-Cola, rabin sunanta na goro ne. Kamfanin magunguna na Burroughs Wellcome a Landan ya yi ƙwayoyi masu suna Forced March, goro da ganyen koka, waɗanda masu binciken ƙanƙarar kudancin duniya suka yi guzuri da su. Cusa kafeyin cikin guzurin matafiyi, ke nan, ya girmi kamfanin Dakota da fiye da shekara 100 ko a can Turai.

Maijirgi ta shiga littattafan tarihi a Yulin 1899, ta hanyar da babu garin da zai so. Rundunar Faransa ta Kyaftin Voulet da Chanoine, wadda ta ƙone garuruwa ta yi kisan gilla tun daga bakin Kwara har Birnin Ƙonni, ta iso ƙasar Tasawa. Ranar 14 ga wata Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb, wanda gwamnatinsu ta aiko ya karɓe rundunar, a Ɗankori. Ranar 16 sojojinsu baƙaƙe suka juya musu baya suka kashe Chanoine, washegari suka gama da Voulet. A Maijirgi kaburburansu suke, ko da yake a 1923 wani jami'in mulkin mallaka a Tasawa, Robert Delavignette, ya sa an tone su aka tarar babu kowa a ciki, abin da har yau ake taɗinsa. Ga mai cin goro, abin da ya biyo baya shi ya fi taɓa aljihu: yarjejeniyoyin 1904 da 1906 tsakanin Faransa da Ingila, da turakun iyaka da aka kafa daga 1906 zuwa 1908, sun bar Tasawa da Mayahi da Maraɗi a hannun Faransa, Katsina da Kano a hannun Ingila. Goron da ke zuwa daga gidan ɗan'uwa ya koma kayan ƙasar waje.

Sai dai abin da iyaka ta tsuke, jirgi ya buɗe. Tun kafin ƙarshen ƙarni na 19 wasu 'yan kasuwa suka fara loda goron Asante a jirgin ruwa zuwa Ikko. Cikin waɗanda suka ci moriyar wannan hanya akwai Alhassan Ɗantata, Ba'agale haifaffen Bebeji a 1877, jikan madugu, wanda daga baya ya koma sayen gyaɗa ya zama attajirin da babu kamarsa a Afirka ta Yamma kafin rasuwarsa a 1955. Aliko Ɗangote tattaɓa-kunnensa ne. A 1911 layin dogo ya iso Kano, tafiyar watanni ta koma ta kwanaki.

Sannan manoman Yarabawa suka shigo. Nasu goron na gargajiya shi ne mai ɓari uku zuwa shida, wanda Hausawa ke kira hannun ruwa ba su kuma damu da shi ba. Da suka ga inda kasuwa take, daga farkon ƙarni na 20 suka dasa irin na Gwanja mai ɓari biyu a Agege da Ota, ya bazu zuwa Abekuta da Ijabu da Shagamu. Hausawa suka bi shi suka kafa unguwannin Sabo. Abner Cohen, wanda ya zauna a Sabon Ibadan a farkon shekarun 1960, ya bayyana yadda mai gida a kudu ke saye ya ɗaure ya aika wa abokin cinikinsa a arewa kaya na maƙudan kuɗi babu takarda babu sa hannu, amana kawai da tsoron zubewar mutunci.

A ƙasar Tasawa kuwa gyaɗa ce ta sa goro a aljihun talaka. Faransawa sun ɗora haraji na tsabar kuɗi, suka tura mutane noman gyaɗa tun daga shekarun 1930, bayan 'yanci kuma aka kafa kamfanin SONARA a 1962 don sayenta. Manomin da kakansa bai riƙe komai ba sai wuri da damin hatsi ya fara ganin tsaba a hannunsa da kaka, a daidai lokacin da goro ya yi araha. Tasawa ta rasa matsayinta na hedikwata a 1927 aka mai da shi Maraɗi, inda alhazan da Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kansu a 1986 suka riƙe cinikin Najeriya. Farin 1973 da 1974 ya karya noman gyaɗa, bai karya sabon da baki ya yi ba.

Yau mota ke kawo shi cikin huhu, daga Shagamu da ƙasar Ondo zuwa kasuwar Mariri a Kano, daga nan ya ƙetaro ta Jibiya da Ɗan Isa ko ta ɓangaren Daura. Wani kuma daga Gana da Kodebuwa yake zuwa. Amma aikin hannun bai canza ba ko kaɗan. Mai goro a bakin kwalta yakan fara safiyarsa da abin da bafatake ke yi a zangon Bargu: ya buɗe, ya tsince, ya jiƙa tsumman buhu ya rufe faifai, ya bar 'yan kaɗan a sama don ido. Marsa, manyan, suna gefe guda. Saran waga a tsakiya. Minu, ƙanana, na mai ƙaramin ƙarfi. Fari ya fi ja tsada. Daushe, wanda ya kwana shekara a ajiye ya saki ɗacinsa, shi ne na masana, kuma ajiye shi har ya kai haka ba tare da sankara ta shiga ba shi ne gwanintar sana'ar. Lissafin sari da ƙwarya ake yi, ƙwarya ɗaya goro 100. Dattijo zai tsaya, ya ɗauki ƙwaya ya jujjuya, ya kankare da farce.

"Alhaji, wannan ai ɗan bana ne."

"Haba Baba, daushe ne, ɓara ka gani."

In ya ɓara ya ji ƙarar da yake so, ciniki ya faɗa.

Matasa dai sun juya masa baya. Ba sa son jan haƙori, alhali kakanninsu mata har furen taba suke gogawa don haƙoran su ƙara ja. Tun daga shekarun 1990 fada ta zama wurin zaman samarin Nijar, da butar shayi a kan gawayi ana zuba na ɗaya da na biyu da na uku. Adeline Masquelier ta rubuta littafi guda a kan wannan a 2019. Teburin mai shayi ya kawo Nescafé, kanti ya kawo lemon gwangwani mai ƙara kuzari. Duk waɗannan kafeyin ne ya sake riga, kuma ƙa'idarsu ɗaya da ta goro: hukumar kula da abinci ta Tarayyar Turai ta ce a 2015 miligiram 400 a yini ba ya cutar da baligi mai lafiya, mai juna biyu kuma kada ta wuce 200. Wanda ya fita daban shi ne tramol. Maganin ciwo ne dangin ofiyom, wanda 'yan kabu-kabu da 'yan ƙwadagon gona ke haɗiya don kada su ji gajiya, yana kama mutum ya kasa bari, yana jawo farfaɗiya. Tsohon da ake yi wa dariya don bakinsa ya yi ja ya fi jikansa mai haɗiyar ƙwaya dabara.

Abin da ya riƙe kasuwar goro yanzu shi ne hidima. Saurayin da bai taɓa tauna shi ba dole ya saye shi ƙwarya-ƙwarya ranar da iyayensa za su je neman aure. Idan aka yi haihuwa, yaro ne zai bi gida-gida da shi: "Baba ya ce a gaishe ku, ga goro, jibi suna." A amsa, "Madalla, Allah ya raya." Wanda aka tsallake gidansa ya san an tsallake shi, kuma zai riƙe abin. Ana kai shi gaban malami, ana kai shi gaban mai gari, 'yan bori ma suna da nasu rabon. Dabino da alawa da cingam sun shigo cikin faifan rabo, musamman idan goro ya yi tsada, amma rakiya suke yi masa.

Tsadar kuwa yawanci daga iyaka take tasowa. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, takunkumin ƙungiyar CEDEAO ya sake rufe iyakar Najeriya da Nijar. A lokutan biyu kaya sun koma bin hanyoyin daji a kan babura, kuɗin hanya ya hau kan farashi, kayan da ba ya jure jira kamar goro kuma shi ya fi shan wuya. Sai a watan Maris na 2024 ƙasashen biyu suka buɗe iyakar, motoci suka koma bin Jibiya da Ɗan Isa.